Nauyin da Ba a Ƙirgawa: Jikin Yaro Tsakanin Fadama da Fagen Wasa

A wasan besbol, wanda mutanen Amurka da Japan da Kuba suka riƙe kamar yadda muka riƙe ƙwallon ƙafa, akwai ɗan wasa guda da kusan duk aikinsa a tsugune yake yin sa. Wurinsa bayan mai riƙe da gora ne, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirji da ƙwauri cikin sulke, hannu ɗaya cikin ƙatuwar safar fata. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, idan gora ba ta same ta ba shi zai cafe, ya ɗan ɗago, ya mayar wa mai jifa, ya koma ya tsuguna. A wasan manya jifan da ke zuwa masa yakan kai kusan 150 kafin a tashi, ban da na ɗumama jiki, ban da lokutan da zai zabura ya cilla ƙwallo tazarar kusan mita 39 don ya kama mai gudu. Wasan bai samu gindin zama a ƙasar Hausa ba, ko da yake an buga shi a Abuja a gasar wasannin Afirka ta 2003. Amma abin da likitoci da masu horarwa suka gano game da wannan mai cafewa ya shafi yaron Gwandu da na Kalgo a jihar Kebbi kai tsaye, domin ya nuna cewa nauyin da ya fi lalata jikin yaro mai tasowa shi ne wanda babu mai lissafa shi, wanda ya rarrabu tsakanin mutane da wurare har kowa yake ganin nasa kason kaɗan ne.

Da farko mai jifa kaɗai aka damu da shi, tunda shi ake kallo. Tun 1960 likitoci suka bayyana wani ciwon gwiwar hannu da ke kama yara masu jifa, kuma a 1974 Dakta Frank Jobe ya yi wa Tommy John tiyatar sauya jijiyar gwiwar hannu, tiyatar da har yau ake kira da sunan ɗan wasan. Da samari 'yan sakandare suka fara yawa a layin wannan tiyata, sai ƙungiyar Little League, mai shirya wa yara gasa tun 1939, ta kafa doka a 2007: ɗan shekara 9 zuwa 10 ba zai wuce jifa 75 a yini ba, ɗan 11 zuwa 12 ba zai wuce 85 ba, daga baya kuma aka ce wanda ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana 4. An sa mutum a gefen fili da takarda yana ƙirgawa. Sai dai masu horarwa sun samu ƙofa. Yaron da ya fi kowa ƙarfin hannu, idan ya cika adadinsa na jifa, sai a ɗaura masa sulke a ce ya koma cafewa, wai ya sauka daga aiki. A takarda ya huta, alhali kowace ƙwallo da ta zo masa da hannun nan da ya gaji zai mayar da ita. Daga baya aka toshe ƙofar da ƙa'ida biyu: wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba zai yi cafewa a ranar ba, wanda kuma ya yi cafewa turmi 4 ko fiye ba zai yi jifa a ranar ba. Ma'anar wannan gyara ita ce an yarda cewa hannun yaro ɗaya ne, bai san sunan muƙamin da aka ba mai shi ba.

Dalilin da ya sa yaro ya bambanta da babba yana cikin ƙashi. A kusa da bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani siririn faifai na guringuntsi, daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan wuri ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, kuma a wurin yara maza ba ya gama daskarewa ya zama ƙashi sai wajen shekara 16 zuwa 18. Saboda haka fizgar da za ta bar magidanci da targaɗe tana iya tsaga wa yaro wurin girmansa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na tashen balaga, sa'ad da ƙashi ke miƙewa da sauri nama da jijiya suna biye da shi a ɗame. Akwai alamar da iyaye da yawa sun gani ba su san sunanta ba. Yaro ɗan 12 zuwa 15, wani ƙullutu ya fito masa a saman ƙwauri, ƙasa kaɗan da ƙoƙon gwiwa. Ba ya ciwo idan yana zaune, amma idan ya durƙusa zai yi sujada sai ka ga ya karkata ya dogara da ɗaya gwiwar, ko ya kasa zaman tahiya yadda ya saba. Likitoci biyu, Robert Osgood da Carl Schlatter, suka bayyana shi a 1903, kuma abin da ke kawo shi shi ne yawan jan da jijiyar gwiwa ke yi wa wurin girma: gudu, tsalle, tsugune da miƙewa ba iyaka. Yawanci yakan lafa idan an rage aiki, amma mu abin da muke cewa shi ne "girma ne yake yi" ko kuma "ka cika raki."

To, a auna yinin yaro ɗan shekara 13 a wani ƙauye na Kalgo lokacin kaka. Da sassafe yana fadama a duƙe da lauje yana yankan shinkafa. Da hantsi yana ɗaga dami yana bugawa a jikin durom, kuma bugun shinkafa motsi ne na kafaɗa da gadon baya da ake maimaitawa sau ɗaruruwa, hannu ya tashi sama da kai ya sauko da ƙarfi. Bayan azahar a taimaka a ɗora masa buhun shanshera zuwa bakin hanya. La'asar sakaliya yana filin firamare, idan kuma shi ne gola, to faɗuwa ce a kan ƙasa mai tauri da gwiwa da gwiwar hannu. Idan dare ya yi aka kaɗa ganga, ya shiga fagen kokawa ya yi kamu uku ko huɗu, domin wanda ya kayar sau ɗaya ba a barinsa ya zauna. A tudun Gwandu sai dai a sauya shinkafa da gero da wake da albasa, amma tsarin yinin ɗaya ne. Mahaifinsa zai ce bai sa shi abin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kocin unguwa zai ce awa ɗaya da rabi kawai suka buga. Mai shirya kokawa zai ce yaron da kansa ya fito. Kowannensu ya ga turminsa ne kawai. Yaron da abin zai fi cinyewa kuwa shi ne mafi ƙwazo, wanda kowa ke so a ɓangarensa, daidai da mai ƙarfin hannun nan da ake mayarwa cafewa.

Wani abu kuma ya sauya a cikin 'yan shekarun nan wanda ba a cika haɗa shi da lafiyar yara ba. Tsohuwar kalandar manomi tana da nata hutu a ciki. A yi noma da damina, a yi girbi da kaka, a yi kokawa da dambe da bukukuwa, sannan rani ya zo aikin gona ya yi sauƙi, manya su tafi cin rani, yara su koma allo da ƙananan aikace-aikace. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, kamfanonin casar shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka riƙa neman shanshera, noman rani ya bazu a fadamun Gulbin Kabi fiye da da. Alheri ne ga aljihun magidanci, babu mai musun haka. Amma yanzu ana gama girbin damina sai a shiga renon iri da dashe, wanda shi ma duƙe ake yin sa a cikin ruwa, sai jan injin ban ruwa da tiyo, sai girbi na biyu a watannin bazara, lokacin da zafi a wannan yanki yake wuce maki 40. Shawarar da hukumar manyan wasannin besbol ta Amurka ta fitar a 2014 a ƙarƙashin sunan Pitch Smart ta ce yaro ya ajiye jifa aƙalla wata 4 a shekara, 2 ko 3 daga ciki a jere. Kakanninmu ba su rubuta irin wannan ba, amma yanayin shekara ya rubuta musu. Mu kuwa mun cike gurbin hutun da aiki, ba mu sa komai a madadinsa ba.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi masa kallon jahili ba. Zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da aiki da kokawa aka yi mazajen da muke alfahari da su, 'ya'yan hutu kuwa ga su nan ko tulu ba sa iya ɗagawa. Rabin maganarsa likitoci ma sun yarda da shi. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Inda ya kauce shi ne, jiki ba a lokacin aikin yake ƙaruwa ba, a lokacin hutun da ya biyo baya ne yake gyara ƙananan tsagar da aikin ya yi, ya kuma ƙara a kai. Idan aiki ya dawo kafin gyaran ya kammala, tsaga take haɗuwa da tsaga. Shi kansa manomin ya san wannan a kan dabbarsa: ba ya ɗaura wa maraƙi garma sai ya ƙosa, in ya fara kuwa kaɗan-kaɗan yake yi, yana sakinsa kafin rana ta take, domin ya san asarar da ke cikin sa mai gurguwar kafaɗa. Sauran abin da mai ja ya manta shi ne cewa zakarun da yake lissafawa su ne waɗanda jikinsu ya jure. Makaɗi yana yi wa wanda ya tsaya kirari. Wanda gwiwa ta ajiye shi yana ɗan 16 ya koma tireda ko acaɓa, ba ya cikin labarin, saboda haka ba ya cikin hujjar.

Idan ana neman al'ummar da ta ɗauki juriya kamar addini, ba za a wuce Japan ba, kuma abin da ya faru a can ya isa abin lura. Gasar besbol ta 'yan sakandare da ake yi a filin Koshien kowane lokacin zafi duk ƙasar ke kallonta. A 1998 Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai turmi 17, aka mayar da shi gwarzon ƙasa. A 2011, yana wasa a Amurka, shi ma ya kwanta aka yi masa tiyatar gwiwar hannu. A 2018 Kosei Yoshida, ɗalibin wata makarantar koyon aikin gona ta Akita, ya yi jifa 881 a gasa guda cikin kusan mako biyu. Jama'a sun yi masa tafi, amma muhawarar da ta biyo baya ta sa daga 2020 aka taƙaita kowane mai jifa ga 500 a mako. Adadin har yanzu yana da yawa a ganin likitoci da dama. Muhimmin abu shi ne mutanen da suka fi mu tsananin son jarumta sun kai matsayin da suka ce ba za a bar wa yaro ɗan 17 da gangar filin wasa su yanke hukunci ba. Yaro ba zai taɓa cewa ya gaji ba a gaban sa'o'insa da 'yan matan garinsu, ko a Koshien ko a dandalin Gwandu.

Akwai ja na biyu da ya fi na farko wayo. Za a ce shaidar ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Wannan ma da ƙamshin gaskiya. Babban binciken da ake kafa hujja da shi, wanda Glenn Fleisig da abokan aikinsa na cibiyar likitancin wasanni da ke Birmingham ta jihar Alabama suka wallafa a 2011, ya bi yara masu jifa 481 'yan shekara 9 zuwa 14 har tsawon shekara 10. Kashi 5 cikin 100 ne suka samu mummunan rauni, kuma waɗanda suka wuce turmi 100 a shekara haɗarinsu ya ninka sau 3.5. Game da masu haɗa jifa da cafewa kuwa, alƙaluman sun nuna haɗarin ya haura ninki biyu, amma masu binciken da kansu sun ce yawan yaran bai kai a yanke hukunci ba. Ƙari a kan haka, dokar ƙirga jifa ba ta kawo ƙarshen tiyatar samari a Amurka ba. Sai dai idan aka tambayi dalilin rashin nasarar, amsar da masana suka fi bayarwa tana ƙarfafa maganar ne maimakon rusa ta: yaro yana buga wa ƙungiya biyu ko uku, kowace tana ƙirga nata, babu mai tara jimla, kuma ana wasa shekara zagaye. Wani binciken cibiyar na 2006 ya gano cewa samarin da suka saba jifa da gajiyayyen hannu sun fi sauran shiga tiyata har ninki 36. Gajiya ce ma'auni, kuma ita ba ta tambayar daga gona ta fito ko daga fili.

Ja na uku shi ne talauci, kuma shi ne ba a amsa shi da alƙaluma. Gidan da ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, hannun ɗansa ne jarinsa. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kusan kashi 39 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan shekara 5 zuwa 17 suna aikin da ya wuce abin da aka yarje wa yaro. Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta ƙyale yaro ya yi aiki marar nauyi a gonar iyayensa, amma ta hana a sa shi ɗaukar abin da zai cutar da girman jikinsa, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta maimaita haka. Amma babu jami'in da zai bi fadama da sikeli, kuma duk wanda ya ce a fitar da yara daga gona gaba ɗaya bai san inda yake magana ba. Abin da ake iya yi ya fi wannan sauƙi. Magidancin da ya fi kowa dogara da jikin ɗansa shi ya fi kowa asara idan jikin ya lalace, domin mako uku na hutu a yau ya fi arha bisa shekara 40 na ciwon baya. Raba buhu gida biyu, ko sauya wa yaro aiki daga duƙe zuwa tsaye a tsakiyar yini, ko hana shi fage a daren da ya yi dakon shanshera, duk ba sa cin ko kwabo.

Dambe yana da nasa ƙarin, domin a can kai ake nema. Ƙashi yana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa ba a yi mata ɗori. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015, ƙwallon da ba ta kai dunƙulen da aka naɗe da kara ba. Yaron da aka kashe a turmi, ya tashi yana layi, idonsa bai daidaita ba, sannan kalangu ya zuga shi ya koma a daren, yana cikin haɗarin da ya fi na bugun farko, domin duka na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta warware yana iya kumbura ta. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne ƙwaya. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan magungunan kashe ciwo irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba, kuma kowa ya san sunan da ake ba ta a gona da tasha: maganin ƙarfin aiki. Ciwo shi ne kaɗai mai ƙirgan da yaron karkara yake da shi. Idan aka kashe masa shi da ƙwaya, babu sauran abin da zai tsayar da shi.

Sai tambayar wa zai ƙirga, a inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Ba dole sai an kwafi takardar Amurkawa ba. Kokawa da dambe suna da shugabanci tun fil azal, akwai sarkin wasa da alƙalin fage, kuma sun daɗe suna haɗa tsara da tsara da ido. Gasar kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, da kokawar bikin kamun kifi na Argungu, duk sun nuna cewa wasan gargajiya yana karɓar ƙa'ida ba tare da ya rasa armashinsa ba, gasar ƙasashen ECOWAS ma ta raba 'yan kokawa bisa nauyi. Alƙalin da zai iya cewa wannan ya fi wannan girma zai iya cewa wannan ya yi kamu biyu ya isa, ko wanda aka kashe yau ba ya komawa sai bayan makonni. Jimlar yini kuwa mutum ɗaya ne ke ganinta, kuma galibi uwa ce, domin ita ke ganin yadda yaron ya shigo da yadda ya tashi. Idan ta ce wa maigida, "Malam, yaron nan kwana uku ke nan yana ɗingishi," wannan rahoto ne da ya fi na kowane koci inganci. Alama mafi sauƙin ganewa ita ce ciwon da yaro ke iya nunawa da yatsa ɗaya a bakin ƙashi kusa da gaɓa, wanda aiki ke tayarwa, hutu ya kwantar. Gajiyar nama takan bazu ne, ta wuce a kwana biyu.

Nan ne masu ɗori suke da muhimmanci fiye da yadda asibiti ke son amsawa. Aliero, maƙwabciyar Gwandu, ta yi suna a wannan sana'a har daga nesa ake zuwa, kuma yaron da ya ji ciwo a fage ko a fili wurinsu ake fara kai shi. Karaya a tsakiyar ƙashi abu ce da hannu ke iya lalubowa. Tsagar da ta bi ta faifan girma kuwa kamar targaɗe take a waje, wani lokaci ko a hoton ƙashi sai an gwada da ɗaya gefen ake gane ta, kuma idan aka ja ta da ƙarfi ko ta haɗe a karkace, illar ba ta bayyana sai bayan shekara ɗaya ko biyu, sa'ad da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko hannu ya fara lanƙwasa. A lokacin babu mai tuna kokawar da ta jawo shi. Kalgo tana da babban asibitin jiha, tana kuma da mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Yarjejeniya ƙarama tsakanin likitocin ƙashi da manyan masu ɗori, cewa duk yaron da bai gama tsawo ba wanda ciwonsa yake dab da gwiwa ko idon sawu ko wuyan hannu a tura shi hoto kafin a taɓa shi, za ta tsare ƙafafu da yawa, kuma ba za ta rage wa mai ɗori ko mutum ɗaya daga cikin manyan da ke zuwa wurinsa ba.